Tebur ɗinsa taku goma ne daga nawa

Ƙannena da kuka fara aiki, akwai kuskuren da na yi wanda har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

A shekarata ta biyu da kama aiki aka haɗa ni da wani da ya girme ni mu rubuta rahoton ƙarshen wata. Na gama nawa ɓangaren, nasa shiru. Raina ya ɓaci, na rubuta masa imel mai zafi, na kuma tura wa ogammu kwafi. Tsakanin teburina da nasa bai fi taku goma ba, amma ban tashi na tambaye shi ba. Ashe alƙaluma yake jira daga sashen kuɗi, har sau biyu yana bin sawu. Na kunyata bawan Allah a gaban shugabansa kan laifin da ba nasa ba.

Rubutu ba shi da murya, ba shi da fuska. "Ina jiran aikin nan" idan ka faɗa da murmushi tuni ne, idan aka karanta a kwamfuta tuhuma ce. Ga shi ba ya gogewa, duk ranar da mutum ya sake buɗe shi sai ciwon ya dawo sabo.

Abin da ya biyo baya ya fi muni. Wata uku muna gaisuwa sama-sama. Ina ce wa kaina haƙuri nake yi, alhali girman kai ne. Lokacin hutu kuma ina kai ƙararsa wurin kowa ban da shi, kuma duk maganar da na yi sai da ta koma kunnensa. Aikina ne ya fara shan wahala: da can yakan nuna mini kuskure kafin takarda ta bar hannuna, sai ya daina.

Ranar da na same shi shi kaɗai, cewa na yi, "Malam, na yi maka ba daidai ba, ban tambaye ka ba na yanke hukunci." Na so in ƙara da "amma", na haɗiye ta. Ku kiyayi kalmar nan, ita ke rushe ban haƙuri.

Sai dai kada ku haɗa saɓani da cin zarafi. Zagi, barazana ko neman lalata ba abin sasantawa a ɓoye ba ne. A 2019 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 kan wannan matsala a wuraren aiki. Idan ya same ku, ku rubuta rana da lokaci da wanda ya gani, ku kai wa sashen kula da ma'aikata ko ƙungiyarku.

Shi kuwa mutumin nan, ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya jawo mini kujera ya buɗe fayil ɗin, ya nuna mini saƙonnin da ya aika sashen kuɗi, da ranakunsu.