Kifayen da na zaɓa wa tankina mai lita 300

Tankin gilashin da ke falona tsawonsa santimita 120 ne, faɗinsa 50, zurfinsa 50, wato yana cin ruwa lita 300. Duk baƙon da ya tsaya gabansa sai ya ɗauka kifi ya kai iri goma sha a ciki. Iri biyar ne kacal. Yawancin masu fara kiwon kifin ado sukan shiga shago su nuna wannan biyu, wancan biyu, har su cika leda da duk launin da ya burge su. Bayan mako guda sai ka tarar kifayen sun koɗe, kowa ya laɓe bayan ganye. Ƙananan kifayen nan masu ƙyalli a garke suke rayuwa, kuma idan suka ga ba su da yawa tsoro ke kama su, tsoro kuwa shi ne ke fara cinye launin kifi. Iri ɗaya guda ashirin ya fi iri goma bibbiyu kyau nesa ba kusa ba.

Kafin maganar launi akwai maganar zafi, mu da muke Kano. A Maris da Afrilu zafin gari kan kai digiri 40, ruwan tanki a cikin ɗaki kuma ya doshi 30. Wannan ne ya sa na haƙura da neon tetra, duk da shi aka fi sani kuma ya fi araha. Ya fi jin daɗin ruwa tsakanin digiri 20 da 26, bazararmu tana gajiyar da shi. Sai na ɗauki ɗan uwansa cardinal tetra, wanda ya fi shi jure ɗumi. Bambance su ba wuya: duka biyun suna da layi shuɗi mai walƙiya a gefe, amma jan neon daga tsakiyar jiki yake farawa zuwa wutsiya, na cardinal kuwa tun daga kai har wutsiya ne. Asalinsa kogin Negro ne da Orinoko a Kudancin Amurka, kuma garin Barcelos na Brazil ya yi suna wajen kamo shi ana fitarwa duniya. Guda ashirin da biyar na zuba. Idan suka juya gaba ɗaya ta gaban koren ganye, ba ka buƙatar wani ado a falon.

Sai dai cardinal ɗan ruwa mai laushi ne, ruwan da ba shi da ma'adinai da yawa. Ruwan rijiyar burtsatsenmu yana barin farin dabbare a gindin butar shayi, alamar yana da nauyi, don haka nakan gauraya shi da ruwan da aka tace. Wanda ba ya son wannan wahalar, ya bi ruwansa kawai: ya nemi kifin bakan gizo na Boeseman, mai rabin jiki shuɗi rabi ruwan goro, wanda ya fito daga tafkin Ayamaru a Papuwa ta Indunusiya, shi ruwa mai nauyi ba ya damunsa. Mai amfani da ruwan famfo kuma kada ya manta da maganin kashe kulorin.

A tsakiyar ruwa na sa Congo tetra guda goma. Waɗannan sun fi girma, namiji kan kai santimita 8, da dogayen fikafikai masu farin baki, jikinsa yana sauya launi daga shuɗi zuwa ruwan zinare gwargwadon yadda haske ya faɗo masa. A shago ba za su ja hankalinka ba, domin ƙanana ake sayarwa, launin toka-toka, sai sun girma sun saki jiki kyawun ke fitowa. Suna ɗan gutsurar ganye mai taushi, shi ya sa yawancin shukata anubiyas ce, mai ganye mai kauri, wadda ita ma asalinta Afirka ta Yamma ne da ta Tsakiya. Ba a binne saiwarta mai kauri a yashi, ruɓewa take yi. A jikin icce ko dutse ake ɗaure ta da zare har ta kama.

Wanda na fi so a tankin nan ɗan gida ne. Kribensis, wanda masana ke kira Pelvicachromis pulcher, daga kogunan kudancin Najeriya da gaɓar Kamaru ya fito, kuma dangin karfasa ne. Mu nan in aka ce kifi, tunaninmu tarwaɗa da barkono, alhali a Jamus da Ingila mutane sun daɗe suna kiwon wannan ɗan kifin namu don kallo kawai. Namijin ya fi tsawo, wajen santimita 10, amma macen ce mai kwalliyar. Idan lokacin aure ya yi cikinta kan rine ya koma ja mai shunayya, ta riƙa lanƙwasa jiki tana karkarwa a gaban namijin tana nuna masa. Na kifa musu ɓawon kwakwa da na fasa wa ƙofa, suka haƙe yashin ciki suka mai da shi ɗaki. A rufin kogon take manna ƙwai, bayan kamar mako guda sai ka ga uwa da uba sun fito da 'ya'ya suna kora su kiwo kamar makiyayi da tumaki, ɗaya na gaba ɗaya na gadi. Na sha barin shayi ya huce ina kallon wannan.

Biyu kawai nake ajiyewa, mace da namiji. In suna da 'ya'ya faɗa gare su, kuma waɗanda suka fi shan kora su ne 'yan ƙasan tankin, wato Corydoras sterbai guda takwas, ƙananan dangin tarwaɗa masu ɗigo-ɗigo da fikafikan gaba ruwan lemo. A danginsu suna cikin waɗanda suka fi jure ɗumi. Girman tankin ne ya cece su: na sa kogon a kusurwa guda, na tare shi da icce da ganye, sauran filin ya zama nasu. A ƙaramin tanki ba zan haɗa su ba. Yashi mai laushi suke so, tsakuwa mai kaifi tana cinye musu gashin baki.

Na biyar shi ne ancistrus guda ɗaya mai kankare gansakuka, ba kyakkyawa ba ne, aikinsa ya kawo shi. A kula kada a ba ka ɗan uwansa pleco na gama-gari a madadinsa. Tun suna ƙanana sun yi kama, amma wancan yakan wuce santimita 30 ya tumɓuke shuka.

Waɗanda na ƙi ɗauka suna da yawa. Goldfish ruwan sanyi yake so, ga cin ganye ga yawan kashi. Angelfish kyakkyawa ne, amma in ya girma duk ƙaramin tetra da ya shiga bakinsa abinci ne. Tiger barb yana cizge fikafikan abokan zama, Congo tetra ba za su sha da daɗi ba. Guppy ba shi da laifi sai haihuwa, kafin ka ankara ya cika maka tanki. Kifayen da ake yi wa allurar rini kuwa, masu layin hoda ko kore kamar an zana da alƙalami, ba na ma tsayawa kallonsu. Rinin yana gushewa, kuma da yawansu ba sa daɗewa.

Zubawar ma da tsarinta. Sabon tanki yana buƙatar mako huɗu zuwa shida kafin ƙwayoyin halittar da ke cikin matatar ruwa su yi yawan da za su iya mai da ammoniyar kashin kifi abin da ba ya kisa. Bayan nan a riƙa shigo da su rukuni-rukuni, ana barin kamar mako biyu tsakani, kribensis su zo ƙarshe don kada su riga kowa mallake ƙasa. A bazara nakan kunna ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, tana rage digiri biyu ko uku, a hunturu kuma na'urar ɗumama ruwa ce ke aiki da dare. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai, saboda haka in an ɗauke wuta matatar ta tsaya, kifi kan taru a sama suna haki. Na haɗa matatar da inbata, na kuma ajiye ƙaramin famfon iska mai batir a aljihun tebur.