Hunturun Sikotlan da abin da ke manne a jikin itatuwa

Wanda ya baro Kano ko Damagaram ya sauka birnin Gilasgo na Sikotlan, ba sanyi ne zai fi damunsa ba, duhu ne. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, ga yayyafi ba ƙaƙƙautawa, itatuwa sun kaɗe ganye tsaf. Da yawa daga cikinmu sukan kulle kansu a ɗaki, daga wurin aiki sai gida, har zuciya ta ƙuntata. Alhali a wannan lokacin ne dajin ƙasar yake fito da abin da ganye ya rufe duk bazara, wato laikin, wannan abu mai launin toka, ko kore, ko ruwan ɗorawa da ke manne a ɓawon itace.

Bari mu fara cire wani zato. Baƙo yakan ɗauka kauci ne irin na can gida, mai tsotse itace har ya kashe shi. Ba haka ba ne, ɗan'uwa. Laikin ba shi da saiwa, wurin zama kawai yake nema a jikin ɓawo, ruwansa da abincinsa daga iska da ruwan sama da hasken rana suke. Halittu biyu ne suka haɗa jiki guda: dangin naman kaza, wanda ya gina jikin, da ƙwayoyin gansakuka da ke cikinsa suna haɗa abinci da haske. Masanin tsirrai Simon Schwendener na ƙasar Suwizalan ne ya bayyana haka a 1867. A Birtaniya akwai iri sama da 1,800, kuma yawancinsu 'yan milimita kaɗan suke ƙaruwa a shekara. Don haka wanda ya kankare faci mai faɗin tafin hannu, ya ɓata aikin shekaru masu yawa a banza.

Kayan aikin ba su da tsada: ƙaramin gilashin ƙara girma mai ninki 10, ambulan na takarda, fensir (biro yakan ƙi rubutu a jiƙaƙƙiyar takarda), da takalmin da ruwa ba ya shiga. Inda sabon shiga yake kuskure shi ne riƙon gilashin. Ba a miƙa shi nesa. A manna shi dab da ido, sannan a matso da fuska ga itacen har tazarar ta kai kamar santimita 2 zuwa 3, sai hoton ya fito rangaɗau. A tsaya ta yadda inuwar kai ba za ta rufe wurin ba.

Siffa ake fara dubawa. Akwai mai manne kamar fenti, wanda ba ya ɓantaruwa sai da ɓawon. Akwai mai ganye-ganye, wanda farce zai iya ɗaga bakinsa a ga bayansa. Akwai mai reshe, wanda ya kama itace a wuri guda ya saki sauran jikinsa yana reto.

Masu reshen nan su suka fi rikitar da mutum, domin guda uku suna kama da juna daga nesa. Usnea zare-zare ne, idan aka ja sili ɗaya a hankali, fatar za ta tsage a ga wata farar jijiya a ciki mai talewa kamar roba. Evernia prunastri falle-falle ne, samansa kore mai toka-toka, bayansa fari. Ramalina farinacea shi ma falle ne, amma gaba da baya launi ɗaya, ga ɗigon gari a gefensa. Kullum a juya bayan, nan amsar take. Evernia ɗin nan masu turare a Faransa sun daɗe suna amfani da shi, ku sunsuna reshen da ya jiƙe za ku ji ƙamshin ƙasa da itace. Wanda na fi so a nuna wa yara kuwa shi ne Graphis scripta, da ake samu a ɓawo mai santsi irin na itacen hezal: farin faci ne da baƙaƙen layuka masu lanƙwasa, sai ka ce rubutun tawada.

Launi yana yaudara. Idan laikin ya jiƙe, fatarsa takan bar haske ya ratsa, koren gansakukar ciki ya bayyana, mai toka ya koma kore. Littattafai kuwa yawanci busasshe suke kwatantawa. Kada a tsinko daga jikin itace mai rai. Bayan iska mai ƙarfi ƙasa takan cika da karyayyun rassa, su za a ɗauka, a sa a ambulan, a bari su bushe a gida. Leda tana riƙe laima, cikin 'yan kwanaki hunhuna ta cinye komai. Wani abin da ake ruɗewa da shi shi ne koren gari da ke shafe jikin itatuwan cikin gari yana ɓata riga. Wannan gansakuka ce zalla.

Da ido ya saba, za a ga itatuwa suna ba da labarin iskar unguwa. Hayaƙin kwal ya taɓa share laikin daga manyan birane, har bayan mummunan hazon Landan na 1952 aka yi dokar tsaftace iska a 1956, suka soma dawowa sannu a hankali. Yanzu matsalar ta koma taki da hayaƙin mota. Inda rassa suka rufe da Xanthoria parietina mai ruwan ɗorawa, akwai gona ko babban titi kusa. Inda Usnea ya yi gemu, iskar tana da kyau. Irin itacen ma yana da tasiri, domin ɓawon itacen ok da na itacen fain suna da tsami, na itacen ash ba haka ba, kuma kowane yana da irin laikin da ke zama a kansa.

Mai son ganin abin a cikarsa ya nufi yammacin Sikotlan, dazukan ok na Taynish ko Ariundle, inda ruwan sama ya yi yawa har ake kiransu kurmi. Can ake samun Lobaria pulmonaria, ganyensa ya kai tafin hannu, kore shar idan ya jiƙe, alamar daji ya tsufa ba a taɓa share shi ba. Abin takaici, wata cuta da aka tabbatar a Birtaniya a 2012 tana kashe itatuwan ash, wani tsiro mai yaɗuwa da ake kira rododendiron kuma yana mamaye dazukan da inuwa.

Kada tsoron shiga gonar wani ya hana ku. Wata doka ta 2003 ta ba kowa damar ratsa mafi yawan filaye da dazukan Sikotlan, muddin bai yi ɓarna ba. A Ingila sai dai a bi hanyoyin ƙafa da aka ware, ko dazukan da aka buɗe wa jama'a. Daga bazara zuwa kaka akwai kaska mai ɗauke da cutar Laim, a cusa ƙafar wando cikin safa, a duba jiki da an dawo. Ƙungiyar masana laikin ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1958, tana shirya fita daji kuma tana karɓar sababbi. Duk abin da za a nuna musu, a rubuta rana, da wuri, da sunan itacen da aka same shi a kai, a ɗauki hoton gaba da na baya, domin da hoton gaba kaɗai sau da yawa ba sa iya faɗin irinsa.