Asabar a filin jifan faifai

Bayan Azahar rana ta yi sanyi, sai na kwashi fayafayaina na nufi filin shaƙatawar garin nan. Ƙaramin gari ne a jihar Ayowa ta Amurka, amma hukumar gari ta kafa kwanduna tara na wasan jifan faifai, kuma ba a biyan ko sisi. Tsarinsa irin na golf ne: ka tsaya a dandamali ka wurga faifan roba, inda ya faɗi nan za ka sake jifa, har ya shiga kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi. Wanda jifansa ya fi kaɗan shi ya ci.

Kwando na ɗaya da na biyu ba abin faɗi. Fili ne fetal, ko makaho ya samu ƙarfin hannu zai kai.

Daga na huɗu zuwa na shida ne wanda ya zana filin ya nuna ya san aikinsa. An shiga cikin itatuwa gefen rafi, na biyar kuwa gajere ne amma hanyarsa ta lanƙwasa dama. Mai jifa da bayan hannun dama ya san faifai hagu yake karkata idan ƙarfinsa ya ƙare, don haka dole ka kwantar da gefensa ko ka juya hannu. Nawa ya daki kututture, ƙwas, ya gangara har bakin ruwa. Wallahi wannan kwando ɗaya ya fi mini dogayen filaye uku daɗi.

Nan na tarar da dattijon da ke yanke ciyawar wurin don sa kai. Ya girgiza sarƙar kwandon ya nuna mini layi ɗaya ce, shi ya sa faifai kan shiga ya fito ta baya. Ya ce tun da Ed Headrick ya ƙirƙiro kwandon sarƙa a shekarun 1970, bayan filin farko da aka buɗe a Kalifoniya a 1975, an yi ta gyara shi, amma nasu tsohon yayi ne, kuɗin sabo babu.

Abin da ya ɓata mini rai na takwas ne. An dasa kwandon daf da lilon yara, alhali faifan jifan nesa yana kai giram 175 kuma bakinsa da kaifi. Na ga wata mata tana tura jaririnta a keke, na tsallake kwandon kawai. Daga na shida zuwa na bakwai ma ba allon nuna hanya, sai da na yi ta bulayi. Dandamalin wasu siminti ne, na wasu tsakuwa da taɓo.

Dattijon ya ce Asabar mai zuwa za su taru su share gefen rafi. Ya ce in zo da safar hannu da dogon wando, saboda ciyawar nan mai ganye uku-uku da ke sa ƙuraje da ƙaiƙayi ta cika wurin.