Jema a bakin lambu

Masu lambu a fadamar Rima, ku daina ƙone ciyawar jema. Na dasa ta a layi a gefen lambuna wajen Kware, ta inda ambaliya ke cinye mini ƙasa duk damina, kuma bana gaɓar nan ko gezau.

Ba iri ake shukawa ba. Tushe guda za ka haƙo, ka rarraba shi, ka datse ganyen ya rage kamar taki ɗaya, ka dasa kusa da kusa tun ƙasa na da danshi. Makonnin farko sai ka rantse ta mutu. Saiwarta ce ke aiki, tana nutsawa ƙasa a miƙe, ba ta bazuwa ta ƙwace wa albasa abinci. Ruwa ya kwanta mata, ba ruwanta. Rani ma haka.

Baffana da ya gani dariya ya yi: "Kai yaro, ai da ita kakanku ke shata iyakar gona."

Ganyen kuwa masu saƙa zana sun riga sun yi kamu. Sai dai a kula da shanu, suna son tohonta. Mai son tushe ya zo da galmarsa.