Kukan da na yi ta rufewa da rediyo

Asabar, Tawa.

Mako uku ke nan tsohuwar Corolla ɗina tana wani siririn kuka duk sanda na taka birki, ni kuwa maganin da na samo mata shi ne ƙara muryar rediyo. Na ce ƙurar hunturu ce, za ta kakkaɓe da kanta. Har leƙawa na yi ta tsakanin ƙarfen taya da fitilar salula, na hango falaket ɗin birkin, wato abin da ke matse faifan birki mota ta tsaya, da sauran kaurinta, na ce lafiya lau. Jiya da la'asar kukan ya koma gurnani, kamar ana wasa wuƙa a kan dutse. Uwargida tana gefena, ba ta tanka ba sai da muka tsaya ƙofar gida.

"Baban yara, da wagga mota za ka kwashe mu zuwa Yamai ran Litinin?"

Ban amsa ba, amma da dare na bi hanyar a raina. Fiye da kilomita 500, ta Badagishiri, Tsarnawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso. Ga jakuna da amalanke, ga manyan motocin albasa, ga tudun rage gudu a bakin kowane gari. Barci bai yi daɗi ba.

Ƙarfe takwas ina gareji. Dattijon da ke duba mini mota, Baba nake ce masa, shi kuma Mushe yake kirana, wato Monsieur na Faransanci, tunda aikin koyarwa nake. Bayan mun gaisa ya ce in matsa gaba kaɗan in taka. Sau ɗaya ya ji.

"Mushe, wanga ba aikin ƙura ba ne. Ƙarhe ya kai ga ƙarhe."

Yaronsa ya sassauta notocin tayar dama tun motar tana ƙasa, ya ɗaga ta da jak, ya tura gungumen ice ƙarƙashi. Aka cire taya, Baba ya kwance noti biyu, ya zare wannan ƙarfen da ke rungume da faifan birki, wanda su ke ce wa etiriye. Bai bar shi yana reto a jikin tiyon mai ba, ya rataye shi da waya. Sai ya ɗora mini falaket biyu a tafin hannu. Ta waje, wadda na leƙa na yaba, tana da sauran rai. Ta ciki kuwa ta cinye ƙurmus, sai farantin ƙarfe yana ƙyalli.

Na ce yaya abu biyu da aka sa rana ɗaya, ɗaya ta ƙare ɗaya tana nan? Ya nuna mini wasu sanduna biyu masu tsawon yatsa. A kansu etiriye ke zamewa. Fistan, ƙarfen da man birki ke turowa in an taka, yana tura falaket ɗin ciki, etiriye ya zame ya jawo ta waje, su matse faifan tare. To robar da ke rufe sanda ɗaya ta tsage, rairayi ya shiga, ta ƙage. Shi ke nan aiki ya koma kan ta ciki ita kaɗai. Siririn kukan nan ma, ashe da gangan masu ƙera abin suka sa shi: wani ɗan harshen ƙarfe ne da ke fara gogar faifai in falaket ta kusa ƙarewa. Sabuwa takan kai milimita goma ko fi, in ta sauko wajen uku sai canji. Mako uku mota tana yi mini sallama ina rufe mata ƙofa.

Ya bi fuskar faifan da farce. Akwai zane, amma bai yi zurfi ba. Ya ce da na ƙara kwana biyu, da yanzu maganar faifai biyu muke.

Na hau kabu-kabu da tsohuwar falaket a leda, don kada a ba ni wadda ba ta shiga. Mai kanti ya ajiye mini kwali biyu, ɗaya jika shida, ɗaya jika goma sha huɗu, kuma kowanne an rubuta Japan a jikinsa. Na tambaye shi bambancin, ya yi dariya ya ce, "Alhaji, bambancin sai a gangara." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma sunan ya ci ni jika goma sha uku.

Kwalin huɗu ne a ciki, biyu dama biyu hagu. Da na dawo na kawo dabarata: a sa wa gefen da ya lalace, a ajiye sauran. Baba ko kallona bai yi ba. Ya ce in ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kamu, ranar da na taka da ƙarfi motar za ta fizge ta nufi gefe. Aka buɗe hagu ma.

Kafin ya mai da fistan ciki don sababbin su samu wuri, ya buɗe murfin man birki. Yana matsawa man yana tasowa har ya nemi zuba, sai da ya zuƙe da sirinji.

"Wa ya ƙara ma ta mai?"

Ni ne, watan jiya, da na ga ya ragu. Ashe in falaket tana cinyewa fistan yakan ƙara fitowa, man ya bi shi, sai a ga kamar ya ragu a sama. Man kuma ya yi baƙi kamar shayin farko. Ya ce yana shan danshi in ya daɗe, a sake shi in na dawo, a nemi irin wanda aka rubuta a murfin, DOT 3. Ya goge sandunan tas, ya sa musu giris da sabuwar roba. Yaron ya kai hannu mai maiƙo zai ɗauki sabuwar falaket ta fuska, ya sha rankwashi.

Aka kira azahar, muka yi salla, muka sha fura. Aka mai da tayoyi, aka sauke mota.

Nan ne na yi wautar yau. Baba ya ce in dakata, salularsa ta yi ƙara, ya juya yana magana. Ni kuwa na shige, na tayar, na sa ribas. Na taka birki, ƙafata ta wuce har ƙasa, ba komi. Motar tana silalewa baya, teburin mai shayi yana ƙaruwa a madubi. Sai ihun Baba: "Ƙara taka! Taka, taka!" Na yi ta bugawa, a na huɗu ya kama, na kuma fizgi birkin hannu. Tsakanina da tukunyar ruwan zafi bai kai taku biyu ba. Mai shayin yana riƙe da ludayi, ya ce, "Mushe, da madara ko babu?"

Fistan da aka tura ciki sai an taka sau da yawa kafin ya dawo ya taɓa falaket, kuma mota tana tsaye ake yi. Abin da zai gaya mini ke nan wayar ta shigo. Muka zagaya tare a kan kwalta, ya ce in riƙa taka a hankali har sababbin su zauna da faifan, kada in yi birkin fushi kafin Dogon Dutsi sai dole. Kuɗin hannu jika uku, na ƙara wa yaron dala hamsin saboda rankwashin.

Hanyar gida ban kunna rediyo ba. Gaba shiru. Sai dai a kan hanyar jar ƙasa ta unguwarmu na ji wani ƙwas-ƙwas daga baya ta hagu. Uwargida ta tambaya ko an gama, na ce birki dai an gama. Baba ya ce gobe da hantsi yana nan.