Sararin Iskandariyya a Watan Janairu

'Yan uwa, sanyin Iskandariyya ta ƙasar Masar daban yake da hunturunmu na Kano. Can gida ƙura ce ke rufe sama har rana ta dusashe. Nan kuwa da sanyi ake ruwa. Hadari ya taso daga Bahar Rum, masunta na ce masa nawwa, a kwana biyu ana tafkawa, sai gari ya washe. Wallahi shuɗin sararin nan yana shiga raina! Gajimare manya-manya, farare fat, suna ratsawa ta saman ganuwar Ƙaitbay, tsohon sansanin tsaro da ke bakin teku, gab da magariba su rikiɗe su koma ruwan goro. Sanyin ma da sauƙi, rigar sanyi ɗaya ta wadatar.

Ɗalibanmu na Alƙahira, ku hau jirgin ƙasa ku zo kafin Maris.