Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Gwaggo da Kuɗin Gwamnati

Makon jiya na tsaya a inda Gwaggo ta dawo gidanmu bayan rasuwar mijinta. Kun dai san Allah bai ba ta haihuwa ba. Shi kuwa Malam, mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, bakinsa ba ya rabuwa da cewa, "Ɗa shi ne fanshon talaka." A gabanta yake faɗa, ba da mugun nufi ba, ita kuma sai ta ci gaba da tsintar wakenta kamar ba ta ji ba.

A 2007 Sule Lamido ya fara ba nakasassu naira 7,000 duk wata a Jigawa. Makafin unguwarmu sun amfana, wannan ba zan ɓoye ba. Amma da na je tambaya saboda Gwaggo, sai aka ce ai tsufa ba nakasa ba ne. Idonta na gani, ƙafarta na takawa, shi ke nan.

Lokacin da nake jan tirelar shanu zuwa Kudu ne na ji cewa a Ekiti, tun 2011, Kayode Fayemi yana ba tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama naira 5,000 a wata. Da na dawo na ba ta labari, sai ta ce, "Ikon Allah! Su Yarbawan ba su da 'ya'ya ne?" Kun ji fa. Maganar Malam ta riga ta zauna mata, alhali ita maganar ta fi yanka.

Sai zamanin Buhari, aka fito da naira 5,000 a wata ga gidajen talakawa, ana haɗa na wata biyu a ba da 10,000. Mutane na ce masa kuɗin Abacha, don da dala miliyan 322 da aka dawo da su daga Suwizalan aka riƙa biya. Ba don tsofaffi kaɗai aka yi shi ba, amma 'yan unguwa ne ke zama su nuna waɗanda suka fi buƙata, kuma ba wanda ya yi musu da aka ambaci Gwaggo.

Yaya Babba ne ya hana. Ya ce, "A ce gidan Malam na bin layin sadaka? Ɗa shi ne fanshon talaka, mu ne 'ya'yanta." Na ce, "Yaya, to wa ke sayen maganin hawan jininta?" Bai amsa ba. Shi da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, fanshonsa na shigowa, ko da a makare. Sabulu wannan ban taɓa ganin ya aiko mata ba, sai turmin atamfa ranar Sallah, shi ma a gaban jama'a. Matata ce ta yi jinyarta har ƙarshe, 'ya'yansa su karanta su sani.

Ko a Oktoban 2023 da Tinubu ya ƙaddamar da naira 25,000 duk wata har wata uku, Yayan nan ne na farkon kiran waya yana tambayar yadda ake haɗa lambar NIN. Gwaggo kuwa ta riga mu gidan gaskiya.

Na tsallake rikicin gonarta ta fadama, wadda ya ce shi zai riƙe mata. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu.